Yadda Za Ka Gane Ma'anar Kalmar “Get” a Duk Jimlar da Ka Same Ta

Duk mai koyon Turanci, ko a aji yake koyo ko ta sauraron rediyo da kallon bidiyo a waya, ba ya daɗewa sai ya yi karo da kalmar “get”, kuma fassara ɗaya aka saba ba kowa da farko, wato “samu”. Fassarar daidai ce, sai dai ba ta kai mutum nesa, domin da zarar ya ji an ce “it is getting dark”, ko “she got married”, ko “I don't get it”, zai tarar “samu” ta ƙi zama a gurbin. Daga nan ne wasu ke buɗe ƙamus, su ga ma'anoni sun cika shafi, su ɗauka sai an haddace su ɗaya bayan ɗaya. A ganina hadda ita ce hanya mafi tsawo kuma mafi ƙarancin amfani, domin ma'anar wannan kalma ba a jikinta kaɗai take ba, tana rataye ne da abin da ya biyo bayanta a cikin jimla.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Muna cewa an ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci zaɓe, an ci bashi, an ci amana, an ci kasuwa, kuma babu yaron da aka taɓa zaunarwa ya haddace ma'anonin “ci”, domin kunnensa na jiran kalma ta gaba ta warware masa. Haka mai jin Turanci yake yi da “get”. Bayan haka akwai igiya ɗaya da ta ɗaure yawancin ma'anonin, ita ce sauyi: abin da babu ya samu, wanda ba ya cikin wani hali ya shiga, wanda bai iso ba ya iso. Idan ka riƙe waɗannan biyu, sauran aikin bin matakai ne.

Mataki na farko: ka san siffofinta da furucinta

Siffofin su ne “get”, “gets”, “getting” da “got”, sannan siffar da ke zuwa bayan “have”, wadda mutanen Ingila ke cewa “got”, Amurkawa kuma “gotten”. Harafin farko ana furta shi kamar na “gero”, kuma “getting” da “t” biyu ake rubuta ta. Kalmar ta shigo Turanci daga “geta” ta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, waɗanda suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun ƙarni na 9, kuma “gotten” da wasu ke ɗauka ƙirƙirar Amurkawa ce tsohuwar siffa ce da suka riƙe bayan Ingila ta bar ta, ban da a tsofaffin maganganu irin su “ill-gotten gains”, wato dukiyar da aka tara ta haram.

Ba'amurke yana bambanta siffofin biyu. Idan ya ce “he has gotten a car” yana nufin mutumin ya samu mota, idan kuma ya ce “he has got a car” yana nufin yana da mota. Mai rubutu a Nijeriya ko Gana, inda makarantu suka ginu a kan Turancin Ingila, ya fi masa sauƙi ya tsaya a kan “got”, kada ya riƙa gauraya su a rubutu ɗaya. Wajen sauraro kuma ka lura cewa Amurkawa suna sassauta “t” idan ta faɗo tsakanin wasula, har “get it” ta yi kusa da “geri” a kunnen Bahaushe, kuma “got to” ta koma “gotta”.

Mataki na biyu: idan suna ne ya biyo baya

Nan ne gidan “samu”, amma ko a nan sai ka tambayi kanka yadda abin ya zo hannun mutumin. Idan zuwa ya yi ba tare da ya nema ba, ma'anar karɓa ce, kamar “I got your message”, saƙonka ya iso ni. Idan sai da ya nema, ma'anar samu ce bayan ƙoƙari, kamar “she got a job”. Idan ana maganar kaya da kasuwa, saye ake nufi, don haka wanda ya ce maka “where did you get this cap?” tambayarka yake a ina ka sayi hular.

Akwai ma'ana ta huɗu da Hausa ke da hanya mai kyau ta fitar da ita, wato a je a zo da abu. Mu ƙarshen aikatau muke sauyawa zuwa “o”, mu ce ɗauko, sayo, ɗebo, kirawo, Turanci kuwa “get” yake ɗora wa wannan aiki duka. “Get me a chair” ɗauko mini kujera ne, “go and get some water” je ka ɗebo ruwa ne, “get the doctor” kirawo likita ne. Idan abin da za a ɗauko wakilin suna ne, tsarin jimlar yana sauyawa, a ce “get it for me”.

Sauran ma'anonin wannan rukuni sun ɗan yi nisa da hannu, amma suna ne ke nuna su. Idan sunan cuta ne, kamuwa ake nufi, kuma ka lura cewa harsunan biyu sun juya wa juna baya a nan, domin mu cewa muke zazzaɓi ya kama shi, su kuwa mutumin ne aikau a “he got malaria”. Idan abin hawa ne, kamar “get a taxi”, shiga ake nufi. “I'll get the door” na nufin ni zan je in buɗe ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Idan kuwa sunan na magana ne ko barkwanci ko bayani, ma'anar ganewa ce, shi ya sa “I don't get it” take nufin ban gane ba, “I didn't get your name” kuma ban ji sunanka da kyau ba.

Mataki na uku: idan sifa ce ta biyo baya

Wannan mataki shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma a nan Hausa ta fi ba da taimako idan an san inda za a duba. Idan sifa ta biyo bayan “get”, ma'anar ita ce shiga wani hali. Abin da ke rikita mutane shi ne Hausa ba ta buƙatar kalmomi biyu don wannan, aikatau ɗaya ya wadatar. “Get tired” gajiya ce, “get wet” jiƙewa, “get old” tsufa, “get angry” fusata, “get well” warkewa, “get ready” shiryawa, “get lost” ɓacewa. Wanda ya nace sai ya ga “samu” ko “zama” a cikin kowace fassara zai fito da Hausar da babu mai yin ta.

Yanzu ka dubi bambancin da muke yi tsakanin “ya gaji” da “a gajiye yake”, ko tsakanin “rigar ta jiƙe” da “rigar a jiƙe take”. Na farko labarin faruwar abin ne, na biyu labarin halin da ake ciki ne bayan ya faru. Wannan bambanci shi ne ainihin abin da ke tsakanin “get” da “be”. “He got tired” ya gaji, “he was tired” a gajiye yake. “They got married in December” sun yi aure a watan Disamba, “they are married” suna da aure. Saboda haka duk lokacin da kake shakkar wadda za ka ɗauka, ka faɗi jimlar da Hausa tukuna, idan “a gajiye”, “a jiƙe”, “a shirye” suka fito to “be” kake bukata, idan kuwa aikatau ne tsantsa ya fito to “get” ce.

Idan sauyin a hankali yake tafiya, sai a yi amfani da “getting”, sau da yawa tare da sifar kwatanci. “It is getting dark” duhu ya fara yi, “he is getting better” yana samun sauƙi, “things are getting worse” al'amura suna ƙara taɓarɓarewa. A nan kuma ya dace a ajiye “get used to”, wato sabawa, wadda take da tarko guda: aikatau da ya biyo bayanta dole ya ɗauki “ing”. Ana cewa “I got used to waking up early”, na saba da tashi da wuri, kuma kuskure ne a ce “to wake” a wannan gurbi.

Mataki na huɗu: idan wuri ne ya biyo baya

Ma'anar isa ce. “We got to Zinder at night” mun isa Damagaram da dare. Sunan wuri yana buƙatar “to” a gabansa, amma “home”, “here” da “there” ba sa ɗaukarta, sai dai a ce “get home” da “get there”. Wanda ya ce maka “how do I get to the market?” hanyar kasuwa yake tambaya. Idan aikatau ne ya zo bayan “to” a maimakon wuri, ma'anar ta koma samun dama, kamar “I got to see the Emir”, na samu damar ganin Sarki, ko kuma kaiwa ga abu sannu a hankali, kamar “get to know someone”, a san mutum bayan an zauna da shi.

Mataki na biyar: abin da ya faɗa wa mutum, da abin da ya sa aka yi

Inda Bahaushe zai ce “an kama shi”, “an kore shi”, “an biya mu”, ba tare da ambaton wanda ya yi aikin ba, mai Turanci a hira yakan ce “he got arrested”, “he got sacked”, “we got paid”. Ana iya sa “was” ko “were” a gurbin “got” a duk waɗannan, amma “got” ta fi nuna abin da ya auku a lokaci guda kuma ya taɓa mutumin, na alheri ko na akasin haka. Shi ya sa ba ta zama da aikatau masu nuna hali mai ɗorewa, kuma “he is respected” ake cewa ga mutumin da ake girmamawa.

Idan kuma karɓau, wato mutumin ko abin da aikin ya faɗa a kansa, ya shiga tsakanin “get” da aikatau na biyu, to an shiga maganar sa wani ya yi abu, kuma tsari biyu ne da bai kamata a haɗa su ba. Na farko shi ne a ambaci mutumin a bi shi da “to”, kamar “I got the mechanic to check the brakes”, na sa bakanike ya duba birki. Akwai ƙanshin lallashi ko shawo kai a cikinta, saɓanin “make” da ke nuna tilas kuma ba ta ɗaukar “to”. Na biyu shi ne a ambaci abin da aka yi wa aikin, a bar ma'aikacin a ɓoye, kamar “I got my car repaired”, na kai an gyara mini mota, ko “he got his hair cut”, ya je an yi masa aski. Wannan tsari yana da muhimmanci ƙwarai a rayuwar yau da kullum, domin wanda ya ce “I repaired my car” yana iya sa mai sauraro ya ɗauka shi ya kwanta ƙarƙashin motar da kansa. Tsarin nan dai shi ake amfani da shi wajen asara, don haka “she got her phone stolen” ba ta nufin ita ta sa aka sace, tana nufin an sace mata waya, kuma hankali ne ke raba ma'anonin biyu.

Mataki na shida: ka ware “have got” gefe guda

Wannan ita ce ta fita daga igiyar sauyi da aka ambata da farko. Ko da yake siffarta ta yi kama da ta abin da ya wuce, “I have got two children” na nufin ina da 'ya'ya biyu a yanzu, daidai da “I have two children”. Tambayarta “have you got” ce ko “do you have”, ba a haɗa su wuri ɗaya, kuma idan ana maganar abin da ya wuce, “had” kaɗai ake cewa. Idan “to” da aikatau suka biyo baya, dole ake nufi, kamar “I have got to go”, dole in tafi.

Wanda ya saba da Buroka, wato Turancin “Pidgin”, sai ya ƙara kula a nan. A Buroka “I get money” na nufin ina da kuɗi, “e get one man” kuma akwai wani mutum, kuma wannan daidai ne a ƙa'idar wancan harshe, wanda miliyoyin mutane ke ciniki da zumunci da shi. Amma a daidaitaccen Turanci “I get money” na nufin nakan samu kuɗi, kamar a ce duk ƙarshen wata, don haka wanda yake nufin mallaka sai ya koma ga “have” ko “have got”, wanda yake nufin “akwai” kuma ya ce “there is”.

Mataki na bakwai: ƙananan kalmomin da ke manne mata

Ka fara da waɗanda ma'anarsu ke bin motsin jiki, domin su ba sa buƙatar hadda: “get up” tashi, “get in” shiga, “get out” fita, “get back” dawowa, “get away” tserewa. A wajen abin hawa akwai rabo da ya kamata a kiyaye. Bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, babur, keke da doki duk “get on” ake yi a hau su, “get off” a sauka, ƙaramar mota da tasi kuwa “get in” ko “get into” ake yi, a fita da “get out of”. Abin da ake ɗare wa a kai, ko wanda mutum zai iya miƙewa ya yi tafiya a cikinsa, shi ne ke ɗaukar “on”.

Bayan waɗannan sai na aro, waɗanda aka ɗauko daga motsin jiki aka kai su ga al'amuran rayuwa, kuma idan ka nemo hoton da ke ƙarƙashinsu za su zauna maka. “Get over” asalinta tsallake katanga ne, daga nan ta zama warkewa daga ciwo ko dangana bayan rashi. “Get through” ratsawa ce ta cikin abu har a fita ɗaya gefen, shi ya sa ake faɗinta ga wanda ya fita daga wani mawuyacin lokaci, da kuma wanda kiransa na waya ya shiga. “Get away with” ta wanda ya yi laifi ya sha ce, ba a hukunta shi ba. “Get along with”, ko “get on with” a bakin mutanen Ingila, jituwa ce da mutum, amma idan aiki ne ya biyo bayan “get on with” to ci gaba da aikin ake nufi. “Get by” lallaɓawa ce da ɗan abin da ake da shi, “get rid of” rabuwa da abin da ba a so, “get round to” kuma samun sukunin yin abin da aka daɗe ana ɗagawa.

Wurin wakilin suna yana da ƙa'ida. A waɗanda ake iya rabawa yana shiga tsakiya, a ce “get it back”, a karɓo shi. A waɗanda ba a rabawa yana zuwa ƙarshe, a ce “get over it”. Sauya wurin yana iya sauya ma'ana gaba ɗaya, domin “get it over with” na nufin a yi abin da ba a son yi a huta.

Mataki na takwas: ka san inda za ka sauya ta da wata

“Get” kalmar hira ce, kuma babu aibi a cikinta, amma a takardar neman aiki, ko wasiƙa zuwa ofis, ko insha'in jarrabawar WAEC da NECO, yawan maimaita ta yana nuna ƙarancin kalmomi. Matakan da suka gabata su ne za su nuna maka madadin: “receive” ga karɓa, “obtain” ga samu bayan nema, “buy” ga saye, “become” ga shiga hali, “arrive” ko “reach” ga isa, “understand” ga ganewa, “persuade” ga shawo kai. Ka tuna “reach” ba ta ɗaukar “to”, “arrive” kuma “in” take ɗauka ga gari, “at” ga ƙaramin wuri kamar tasha. Kada kuma gyaran ya wuce gona da iri, domin “get up”, “get dressed” da “get married” ba su da madadin da ya fi su daɗin ji, kuma wanda ya rubuta “become married” ya ɓata abin da yake daidai.

Akwai kuma batun ladabi, wanda ƙamus ba ya cika bayyanawa. “Get out” da “get lost” idan aka faɗe su a matsayin umarni kora ce mai zafi, ba a yi wa wanda ake ganin girmansa. “Do you get me?” ta dace tsakanin tsara, amma a gaban malami ko shugaba a wurin aiki tana da nauyin da “ka gane?” take da shi idan yaro ya faɗa wa mahaifinsa, don haka gara a ce “I hope I have explained it clearly”. A wurin sayen abinci Amurkawa sukan ce “can I get”, mutanen Ingila da dama kuwa sun fi sakewa da “could I have”.

Mataki na tara: yadda za ka yi atisaye

Ka samu littafin rubutu ka raba shafi gida shida, na suna, na sifa, na wuri, na abin da aka yi wa mutum ko ya sa aka yi, na “have got”, da na ƙananan kalmomi. Duk lokacin da ka ji ko ka karanta jimla mai “get”, ka kwafe ta cikakkiya a gidan da ya dace, kada ka rubuta kalmar ita kaɗai, domin an riga an ga cewa abin da ke biye da ita shi ne ke ɗauke da ma'anar. A ƙarƙashin kowace jimla ka rubuta yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana a hira, ko da babu “samu” a ciki. Hira da wasan kwaikwayo da tattaunawar rediyo sun fi jarida yawan misalai, tun da a bakin mutane kalmar ta fi yawo.

Bayan misalai sun taru sai ka juya aikin. Ka rufe Turancin, ka dubi Hausar kaɗai, ka yi ƙoƙarin mayar da ita, sannan ka buɗe ka gwada da abin da ka kwafa. Daga nan ka ɗauki abin da ka yi tun safe ka ba da labarinsa da baki, daga tashi da shiryawa zuwa hawa abin hawa da isa wurin aiki da komawa gida, sannan ka rubuta labarin nan a matsayin rahoto zuwa ga shugabanka, kana sauya kowace “get” da ke da madadi, kana barin waɗanda ba su da shi. Gidan da ka ga ka fi yin kuskure a cikinsa shi za ka ƙara tara wa misalai a mako na gaba.